Muryar Yaya Sanusi nake nema

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka sallaci yayana Sanusi a Masallacin Annabi, muka kai shi Baƙi'a. Wanda ya san Baƙi'a ya san ba a rubuta suna a kan kabari. A shekarun farko ina iya nuna sashen da yake kwance, yanzu ko wannan ba zan rantse ba. Hakan bai taɓa damuna ba, wa zai yi kuka da irin wannan maƙwabtaka? Abin da ke cin raina bana daban ne. Muryarsa ce ta ɓace mini, ga shi kuma an zo an tambaye ni ita.

Yaya ma'aikacin gonar dabino ne a Khaibar. Shi ya jawo ni daga Kano, na samu tuƙin motar ruwa a nan Madina. Ranar Juma'a bayan la'asar nakan je wurinsu, in tarar da ɗakin ma'aikata ya cika da 'yan Kano da mutanen Maraɗi, an kewaye wata tsohuwar talabijin ana kallon fim ɗin faɗan Caina. Babu mai jin Sinanci a cikinmu, fassarar Larabcin da ke ƙasa kuma ta fi idonmu gudu. Sai Yaya ya kashe sautin, ya ari bakin kowa a fim ɗin.

Akwai wani tsohon jarumi da ya fi so, shi ya raɗa masa Mai Gora. A bakin Yaya, Mai Gora Bakano ne na cikin badala. In wani ya kawo masa naushi ya kauce, sai ka ji Yaya ya ce, "Haba yaro, ka karya kuwa? Wannan ai naushin mai azumi ne." Mutanen da suka kwana shida ana yi musu tsawa da harshen da ba nasu ba, sai ka ga suna dariya har da hawaye. Ba mu taɓa sanin ainihin labarin fim ko ɗaya ba, kuma ba mu yi asarar komai ba.

Daga kan dabino ya faɗo, lokacin tsinka. A fim mutum kan faɗo daga bene ya miƙe ya karkaɗe riga. Yaya bai miƙe ba. Ya bar 'ya ɗaya, Ruƙayya, tana shekara huɗu.

Yanzu ta zama budurwa, tana tare da mahaifiyarta a unguwar Al-Sih. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa. Watan jiya ta zo gidana da wayarta. Ashe mutanen Caina sun sake tayar da jarumin nan a sabon fim, wani matashi ya ɗauki gorar.

"Shuf, Baffa," ta ce, wato in duba. "Ummi ta ce Baba shi ne yake yin maganar wannan. Kaif? Ka yi mini yadda yake yi."

Ta kashe sautin ta miƙo mini. Na buɗe baki. Kalmomin suna nan, na faɗe su ma, amma muryata ce, muryar direba mai gajiya. Na sake gwadawa, na ƙara kauri, na rage. Na lalubi yadda yake jan "haba" ɗin nan, na tarar babu shi a kunnena. Ta yi murmushi don kada in ji kunya, ta ce, "Ma'alesh, Baffa," wato ba komai. Wallahi da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Na kalli fim ɗin ni kaɗai daga baya, ina tunanin abin da Yaya zai ce. Zai ce yaron nan ya cika tsalle, kuma fuskarsa ba ta taɓa ganin rana ba. Zai ce kama da wane ba ta wane. Amma na san zai zauna har ƙarshe, ya ba shi baki, ya mai da shi namu. Su sun iya tayar da nasu, sun nemo wani sun sa masa riga. Ni ina zan samo wanda zan sa wa muryar Yaya?

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni banar ce ma take ƙare mini. Kafilina, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, ya gaya mini ba zai sabunta igamata, takardar zamana a ƙasar, ba, bayan Hajji zan koma gida. Abokan ɗakin nan duk sun watse: wasu sun koma, wasu sun bi Yaya Baƙi'a. Mahaifiyar Ruƙayya ba ta taɓa shiga ɗakin ba, labari kawai ta ji. In na tafi, babu sauran wanda ya ji Yaya yana Mai Gora a garin nan.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, roƙo na zo yi. A shekarunsa na ƙarshe wasu sun fara riƙe waya mai ɗaukar murya, kuma na tuna ana ɗaga ta in Yaya ya yi zafi. In ka yi aikin dabino a Khaibar, ko ubanka ya yi, don Allah ka duba tsohuwar wayar da ke ƙasan akwati. Ko da dariyar mutane ta rufe rabin maganar, muna so.

Na auna abin da Yaya ya bari. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar mutane a Kano da Maraɗi waɗanda in an ambaci Khaibar za su yi dariya kafin su tuna wahalar, kuma ina fata Allah ya sa masa wannan a mizani. Amma 'yarsa ba ta cikinsu. Juma'ar da ta wuce ta sake zuwa da wayar, ta zauna, ta haɗa Hausarta a hankali don in ji daɗi: "Baffa, ka ƙara gwadawa. Ni ban san na gaskiyar ba. Ko wanne ka yi, zan riƙe."