Kawu Nomau da Ciwon Dankali

Duk wanda ya san Kawu Nomau na Tafoki ya san yadda yake tsinko ganye ya shinshina, ya yar, ya ce, "Raɓa ce!" Ko wuta ce ta kama gonar, wallahi raɓa ce.

A shekarun da kuɗin fetur ya buɗe, malaman gona suna ta yawo a sababbin babura, aka kawo mana noman dankalin Turawa a fadama. Ni ɗan ƙanwarsa, ina sabon aure, na zuba duk abin da na mallaka a iri. Gonata tana jikin tasa, ruwan da ya ratsa tasa shi ke gangarowa tawa. Nan na shiga uku.

Ciwon a wajensa ya fara. Ganye ya yi baƙi kamar an babbaka, ƙarƙashinsa duk fumfuna. Malamin gona ya zo daga Faskari, ya ce a tuge masu ciwon a ƙone, sauran a fesa musu magani.

"In ƙona mi?" in ji Kawu. "Kai da wandon Bature za ka koya mani noma? Raɓa ce!"

Malamin ya bar masa injin feshi da shuɗin magani. Bayan kwana uku na tarar ƙofar ɗakinsa ta koma shuɗiya.

"Kawu, ina maganin?"

"Ba ka ga gara ta bar ƙyauren ba? Ai ya yi aiki."

Injin kuwa, jakinsa yake yi wa wanka da shi. Kai, wannan mutum!

Dankalinsa ya ruɓe, wari har bakin hanya, rabin nawa ya bi shi. Don tsabar maƙo ya tsince ragowar ya cusa ƙarƙashin gado, wai irin baɗi.

"Kawu, malamin ya ce a cikin irin ciwon ke kwana."

"To shi kwana mana! Ni ma nan nike kwana."

Haushi ya sa na yi wata biyu ban je gaishe shi ba.

Da shekara ta zagayo ya shuka irin nan a wuri guda, ciwon ya dawo. Na tsaya a kan iyaka ina kallon baƙin yana matso kunyar farko ta gonata. Rumbuna babu komai, matata na da tsohon ciki. Hawaye suka zubo mini, Kawu yana daga gonarsa yana kallona.

Washegari da la'asar na hango hayaƙi a fadama. Tsohon nan ya taka har Faskari ya karɓo magani, ya tuge gonarsa kaf ya cinna wa tarin wuta, ga shi goye da injin jaki yana fesa wa tawa.

"Kawu!"

"Rufa mani baki, toka nike so."

Na duba idanunsa, sun jiƙe sharkaf. "Kuka kake yi?"

"Raɓa ce."

Da dankalin gonata muka ci abinci a shekarar, mu da shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa raɓar rahama ta riƙa sauka a kabarinsa.