Lambar Najaha

Duk wanda ya yi kwaleji a Matameye ya san Mushe Attaher (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan boko na Faransanci), malamin lissafi, dogo mai baƙar magana. Mutumin nan ba ya ganin lamba ya ƙyale ta. Mota za ta wuce, ya bi lambar bayanta da ido ya ce, "Wannan mara ce, uku na raba ta, bakwai ba ta iyawa." Kamar yadda wani ke sanin mutum da danginsa, haka ya san lamba. Kuma ga alfahari, wai rubuta lambar waya aikin raggon kai ne.

Da 'yarsa Najaha ta rasa mijinta, sai ta bi matan garin Kance zuwa Aljeriya neman abin rufin asiri. Ta kira daga Tamanrasat. Mushe ya dubi lambar sau ɗaya, alƙaluma tara, ya ce ta zauna.

Matarsa Sa'a ta ce, "Malam, a sa wani ya rubuta mana ita mana."

"Ina raye? Ta fara da biyar, ta ƙare da bakwai. Mara ce, uku na raba ta, sha ɗaya na raba ta. Ina za ta je?"

Haka aka yi shekaru, kowace Juma'a yana buga ta da ka.

Ran nan yana ban ruwa a lambunsa na Ɗan Barto hawan jini ya kada shi, wayarsa ta faɗa rijiya. Layin kuwa da sunan wani abokinsa da ya rasu aka yi rajistarsa, kamfani ya ce ba za a sabunta masa shi ba. Najaha ba ta da wata lambar gida sai wannan.

Ya tashi, Allah ya taimaka, har yana takawa da sanda. Amma da aka miƙa masa sabuwar waya, sai ya danna biyar ya tsaya. Ya san farkonta, ya san ƙarshenta, ya san uku da sha ɗaya na raba ta. Tsakiyar ce babu. A ranar ce Sa'a ta ga mijinta yana kuka, abin da ko a mutuwar uwarsa bai yi ba.

Tun daga nan kullum yana gindin dalbejiyar ƙofar gida, yana lissafi a ƙasa da tsinke. In ya samo lambar da ta cika sharuɗɗan sai ya buga. Wata ba ta shiga, wata Balarabe ya ɗauka ya zage shi. Abin tausayi, kowace sai ya gyara murya tukuna.

Wata safiya Sa'a ta kawo masa kunu, ta durƙusa.

"Malam, don Allah gaya mini gaskiya. Lambobi nawa ne masu wannan kamar?"

Wannan kam bai manta yadda ake yin sa ba, tuni ma ya yi.

"Sun haura dubu ɗari uku," in ji shi.

Sa'a ta dubi furfurarsa. Ya share ƙasar da tafin hannu, ya ɗauki tsinken.