"Ci Naka Mana, Malam"

Ranar Asabar a wani wurin shaƙatawa a Abuja, aka dire wa kowa farantinsa na gasasshen kifi. Ni ko na wanke hannu na kai cikin na Sanusi, abokina da ya gayyace ni, yadda muka saba tun muna yara a Illo.

Sai ya janye farantin, ya dubi abokansa yana dariya: "Ku yi haƙuri, mutumin boda ne, can bakin iyaka, shi ke kawo mana shinkafa."

Na ce, "Sanusi, ni ne fa."

Ya ce, "Ci naka mana, Malam."

Malam! Ni da innata ta shayar da mu tare bayan tasa ta rasu.

Jama'a, birni ke canza mutum, ko dama ban san shi ba?