Nashid Abadir da Muryar Ɓangaren Mata

An haifi Nashid Abadir a shekarar 1909 a garin Abu Tij da ke bakin kogin Nilu a ƙasar Masar. Mahaifinsa, Abadir Sedrak, masaƙi ne, mahaifiyarsa kuwa Damyana sunanta.

Karatu da aiki

Ya shiga makarantar majami'a a 1916, inda ya laƙanci nahawun Larabci da ƙa'idojin waƙa, har aka ɗauke shi koyarwa a wurin a 1928.

Aure da zuriya

A 1933 ya auri Rifka 'yar Labib kafinta. Shi yake rubuta baitoci a kan ƙaunar Almasihu, ita take sa musu kari, domin shi ko a cikin taro ba ya iya rera waƙa daidai. Takan tsokane shi da cewa, "Baban Wadi, riƙe alƙalaminka, ka bar mana muryar. Ka razana kajina!" Sun haifi Wadi a 1935, Sofiya a 1938, sai Estir a 1943. Kwana arba'in da haihuwar Estir zazzaɓi ya yi ajalin Rifka.

Shekarun bayan rasuwar Rifka

Daga 1945 sababbin waƙoƙinsa suka ci gaba da fitowa, kowacce da karinta cikakke, kuma bai taɓa faɗin wanda ya sa musu karin ba. Duk Lahadin da aka rera ɗaya, maza sukan ji wata siririyar murya daga bayan katangar katakon da ta raba su da mata, tana ɗan rigan jama'a shiga baiti. Matan kuwa suka ce daga ɓangaren maza take fitowa. Wasu iyalai suka ƙaurace wa sujada.

A 1952 dattawan ikkilisiya suka kira shi. Fasto Zaki ya ce, "Malam Nashid, tsakaninka da Allah, wa ke ba ka karin nan?"

Ya ce, "Fasto, ka fi kowa sanin yadda nake waƙa. Me kuma zan ce?"

Aka haramta waƙoƙinsa a majami'ar. Bai yi jayayya ba, ya ci gaba da zama a bencin ƙarshe shekara goma sha tara.

Rasuwa

Ya rasu ranar 4 ga Maris, 1971, aka binne shi da hantsi a maƙabartar da ke gindin dutse. Ana zuba ƙasa Estir ta ɗauki wata waƙa da ba wanda ya san ta, ta kai ta ƙarshe. Tsofaffin mata biyu suka ambaci sunan Rifka, suka durƙusa. Da aka tambayi Estir inda ta koye ta, sai ta ce, "Wace waƙa? Ni ban buɗe baki ba."

Ya bar 'ya'ya uku: Wadi, mai haɗa magunguna a birnin Asyut, Sofiya, malamar makaranta, da Estir, wadda ba a sake jin ta yi waƙa ba har ƙarshen rayuwarta.