Rumfar da Baffa Ya Yi wa Sola

Mun tashi da asuba daga Kano mu uku: ni, ƙanena, da wani abokina mai haɗa sola. Dalilin tafiyar Baffa ne, ƙanen mahaifinmu, mai lambun albasa a wani ƙauye gaba da Daura. Tun da aka cire tallafin fetur injin ban-ruwansa yake cinye masa riba, sai na lallaɓa shi ya sayar da shi, muka sa masa famfo mai aiki da hasken rana. Ba a jima ba ya kira ni, wai famfon sai tari yake, albasa ta fara kwanciya, kuma ya rantse in ta mutu ya bar noman rani ke nan. Gaskiya hankalina ya tashi.

A Kazaure muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har ƙanena ya tambayi mai suyar ko shi ma an cire masa tallafi ne. Kuɗin mota kuwa ba a magana. Amma abin da ya ɗauke min hankali a hanya shi ne farantan sola: a kan masallatai, a kan shagon mai cajin waya, har a rumfar mai sayar da ƙanƙara. Direbanmu ya ce gwamnati tana ta cewa a koma sola a rediyo, alhali tsadar mai ta riga ta isar da saƙon.

Daga Daura muka hau babura muka kama hanyar Mai'adua, sannan muka ratse cikin yashi. Mai babur ɗina ya ce in riƙe shi da kyau, ni kuwa na riƙe shi kamar ɗan goyo.

Muka tarar da Baffa a bakin rijiya ya zabga tagumi. Albasa ta yi laushi, ƙasa ta tsattsage. Bayan gaisuwa abokina ya ce, "Baba, ina farantan?"

Baffa ya nuna wata sabuwar rumfa, an yi mata rufin kara an lulluɓe da zana, aiki mai kyau ƙwarai. Farantan na ƙarƙashi suna shan inuwa.

"Da hannuna na kafa ta," in ji shi. "Ko san nomana ba na bari a rana, balle abu mai tsada haka."

Ƙanena ya juya baya yana danne dariya. Ni tausayi ne ya kama ni, don a wajen Baffa duk abin da kake ji da shi inuwa kake nema masa. Abokina ya durƙusa ya yi masa bayani cewa ranar ita ce abincinsu. Baffa bai gamsu ba, amma ya ce gani ya kori ji.

Muka yaye zanar, muka sauke karan, muka goge farantan. Famfo ya yi gurnani, tiyo ya miƙe, sai ga ruwa ya feso har ya jiƙe wa Baffa riga! Ya yi kabbara, ya suri fartanya yana buɗe wa ruwa hanya kwami bayan kwami, da gudun da ban san yana da shi ba. Maƙwabtan lambu suka taru suna tambayar abokina inda ake samun irinsa. Matar Baffa ta aiko da fura da nono, muka sha a tsaye saboda murna.

Da za mu tafi Baffa ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce, "Tun ina yaro nake gudunta, ashe 'yar ƙodago ce da ba ta karɓar lada."

Da magariba muka iso gida, jiki ya yi tsami, zuciya fes. Abin da na koyo shi ne, kai wa mutum na'ura ba ya wadatarwa sai ka zauna ka faɗa masa abin da take ci. Da safe Baffa ya kira ya ce albasa ta miƙe, kuma ya riga ya yanke shawara: baɗi har tattasai zai dasa.