Takardar da na ɗauko wa Hajiya Zeinabu daga Paris

Shekara bakwai ke nan da muka kai Hajiya Zeinabu makwancinta a nan Lyon. Masu ilimi sun rubuta nasu, yau ni ma ga nawa, ni Idi, wanda ya bar lakwal, wato makarantar boko, a aji uku ya ƙare ƙarfinsa a izin, wato masana'antar Saint-Fons. Tun da wuri in faɗa muku, kowane labari da wawansa, kuma wawan wannan ni ne.

An haifi Hajiya a arewacin Tawa, a gidan mutanen da suka gāji uwarta kamar yadda ake gādon raƙumi. Ta yi musu kiwo da daka da jan ruwa a rijiya har ta kai shekara ashirin, sannan ta gudu da ƙafa. Yadda ta kai Yamai, da yadda aure ya kawo ta Vénissieux a gefen Lyon, wannan wani dogon zance ne. A nan ta yi sharar ofisoshi, ta koyi karatu da furfura a kanta, ta fara tara mutane tana gaya musu abin da kowa ya sani amma ba mai son ji. Ana kiran ta Paris ta yi magana gaban manya. An fitar da mata da dama daga irin gidan da ta fito saboda kafirin nacinta. Ni ne mai jera kujeru a taronta, kuma ba wanda ya kai ni tafi.

Mijinta abokin aikina ne. Da zai rasu ya bar mini amanar 'yarsu Hadiza, don haka da wani yaron Damagaram mai binciken magunguna ya fito neman aurenta, ni ne waliyyi. An sa rana, sai kawun yaron ya bugo waya daga gida. Wai sun yi binciken asali, kuma aure ba zai ɗauru ba sai iyayen gijin uwar sun rubuta cewa sun 'yanta ta. Hadiza ta daina cin abinci. Hajiya ta ce ba za ta nema ba, ko auren zai lalace.

Sai hikima ta taso mini. Na ji labarin ɗan maigidan da Hajiya ta gudo daga hannunsa, wanda ya gāji gidan, ya zo Paris ganin likita, ya sauka wurin wani ɗan'uwansa mai dako a kasuwar Rungis. Ban gaya wa kowa ba. Na sa babbar rigata ta Sallah, na hau jirgin ƙasa, ina jin kaina kamar jakada. Na tarar da dattijo mai fara'a, ya ba ni shayi har zagaye uku, ya yi ta tambayar lafiyar "yarinyarmu". Ya rubuta takardar ba musu, ya ce fisabilillahi. Aka ce ana son shaidu biyu. Mai masauki ya sa hannu, ni ma na karɓi bik na zana sunana baro-baro, har da sunan mahaifina, don kada tarihi ya manta da ni.

Tarihi kuwa bai manta ba. Hajiya ta sa tabarau ta karanta takardar sau biyu, ta ce, "Malam Idi, ran Talata ka sa hannu. To ran Litinin ni ta wa ce?" Garin neman gira na tsone ido: na je in kwance igiya, ashe shaida na yi cewa igiyar halal ce.

Ta tuɓe ni daga waliyyi a ranar. Ta kira angon ta ce ya zaɓa, ko Hadiza ba takarda, ko takarda ba Hadiza. Yaron ya yi sati uku yana rama, sannan ya zo shi kaɗai ya durƙusa. Limaminmu, mutumin Cadi, ya ɗaura aure, ya ce shi bai san inda aka ce ɗiyar Musulmi ba ta aure sai da izinin wani baƙo ba. Kawun bai zo ba, kuma har yau rabin dangin ba su taka gidan ba. Ba zan ce muku abin bai yi wa Hadiza ciwo ba.

Ina yawan tunanin abin da Hajiya za ta ce da ta ga yau. Yaranmu sun cika jami'o'i, rabin zancensu faransanci, wasu ko sunan garin kakansu ba su iya faɗa daidai. Amma da maganar aure ta taso, sai ka ga mai digiri biyu ya laɓe a lungu da waya yana tambayar gida, "Su waye su?" Binciken da a da ake aika mutum a kan jaki, yanzu kafin shayi ya huce an gama shi. Ina jin za ta ce mun sauya tukunya, miyar ce dai ta jiya. Sai dai kuma za ta ga abin da zai sa ta murmushi: 'yan matan da suka zauna a kujerun da na jera, yanzu su ke amsa wa irin kawun nan da bakinsu, ba sa jiran wani tsoho ya hau jirgi dominsu. In an ce me ta bari, ni wannan na gani. Ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, ta bar mutanen da ba sa roƙon abin da yake nasu.

Takardar kuwa ba ta yaga ta ba. Ta sa ta a leda, duk taron da ta je, Paris ko Lyon, sai ta fito da ita ta karanta daga sama har ƙasa, har da shaidu, ni kuwa ina bayan ɗaki ina neman inda zan sa fuskata. Da ciwo ya kwantar da ita na je gaishe ta, na ga ta yi laushi, na ce yau ce ranata. Na ce, "Hajiya, don zumunci, a rufe sunana da ɗan farin fenti mana. Tsufa ya zo, ga jikoki."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Shekara ashirin ina ɗauke da sunan gidan wani ban zaɓa ba. Kai naka ne, da hannunka ka rubuta. Ɗauki abinka."