Wayar da muka ɗaure a gora

Gusau

Ana idar da sallar asuba na fita. Baba na kwance a ƙauyenmu da ke bayan 'Yankuzo, jiki ya yi tsanani. Yayana Nura kuwa yana Aljeriya, ya tafi neman kuɗi ba da yardar Baba ba, tun lokacin ba su yi magana ba. Ya ce min, "Don Allah ka haɗa ni da shi, in ji da kunnena ya yafe min." Matsalar ita ce ƙauyenmu babu sabis.

Bungudu

Na fara biyawa gidan Yaya Rabi don in ari ƙaramar sifikarta mai bulutut. Jego take, ba halin tafiya. Ta miƙo min da ƙullin fura.

"Ka yi mata caji a mota. Kuma ka dawo min da abata, na san hannunka."

Ta yi dariya, sai kuma ta juya ta goge ido.

Tsafe

Na dawo Gusau na hau motar Tsafe. Shingen jami'an tsaro uku muka wuce, a na ƙarshe aka sauke mu aka duba jakunkuna. Da hantsi muka isa. Na ci waina a tasha, na sayi data, na tura wa Nura cewa ya zauna kusa da waya bayan azahar. Ɗan acaban da na ɗauka zuwa ƙauye ya ce, "In za mu tafi mu tafi, ni ba ni kai la'asar a hanyar ga." Muna barin kwalta sandunan sabis na wayata suka riƙa zubewa har ba ko ɗaya.

Ƙauye

Baba ya rame ƙwarai, muryarsa sai ka kai kunne. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya ce a kai shi inda za a yi kiran.

Wuri ɗaya ake samun sabis, wani tudu bayan makabarta, shi ma sai an ɗaure waya a kan doguwar gora an ɗaga sama. Muka shimfiɗa katifa a amalanke, muka kwantar da Baba muka tura shi. Na haɗa wayar da sifika, na ajiye sifikar a ƙirjin Baba, na danna kira, Kawu Sale ƙanensa ya ɗaga gorar.

"Kawu, kar ka motsa."

"Ɗan nan, ni da ke riƙon garma? Mi an nan?"

Kira ya shiga. Muryar Nura ta fito tar. "Baba, ni ne. Baba, ka yafe min."

Baba ya buɗe baki, amma sifikar ba ta ɗaukar muryarsa. Nura na ta cewa, "Ba na ji, ku matso da ita." Na kai ta bakinsa. Daidai nan hannun Kawu ya gaji, gorar ta karkata, na ji ƙit.

Baba bai san kiran ya yanke ba. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya ce Nura ya riƙa cin abinci, ya tambaye shi ko akwai sanyi can. Ya tsaya jiran amsa. Muka yi ta sake kira ba ya shiga, har ɗan acaba ya fara danna oda.

Komawa

A Tsafe saƙonnin Nura suka shigo a jere. Na kira shi na faɗa masa duk abin da Baba ya ce, kalma da kalma.

"Ka ɗauki muryarsa a waya?"

"Wayar na saman gora, Yaya."

Can ya ce, "Na yarda da kai. Ni dai ban ji ba."

Na shiga gida a Gusau da magariba. Washegari Kawu ya hau tudun da gorar ya kira ni, ya ce Baba ya cika da safe.

Na gode wa ɗan acaban da ya jira ni fiye da alkawarinsa, da mutanen da suka tura amalanke. Wanda ya karanta ya sa Baba a addu'a, ya haɗa da Nura.